Gwangwanin da Kawu Ya Ce In Mayar Gida

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya wata Litinin da hantsi a wani asibiti a Lyon, bayan jinyar mako biyu.

A gidansa aka yi zaman makoki, hawa na goma sha ɗaya a Minguettes, kuma a makon ne asansar, na'urar hawa bene, ta ga damar mutuwa ita ma. Duk wanda ya iso sai ya fara dafa bango ya mayar da numfashi kafin ya iya cewa "ya haƙuri". Tsofaffin da suka yi aikin masana'anta tare da shi a Vénissieux sun zo. 'Yan kasuwa sun zo, har da waɗanda suka taso daga Paris. Kowa da abin da ya tuna. Wata maƙwabciyarsu 'yar Chadi ta ce bai taɓa ganinta da kaya a matakala ya wuce ba. Wani ya ce shi ya fara nuna masa inda ake sayar da naman yanka, a lokacin da sai an sha tafiya kafin a samu. Amininsa, wani Alhaji mutumin Tawa, ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Bawan Allah ne, bai ci haƙƙin kowa ba. Aibinshi guda, son kayan bola." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wata budurwa da aka haifa a nan ta raɗa wa ƙawarta, "C'était le tonton des boîtes," wato kawun nan mai gwangwanaye.

Na lura babu wanda ya yi ta'aziyya bai ambaci gwangwani ba, kuma babu wanda ya ambata bai yi murmushi ba. Abin ya ƙona mini rai. Sai dai ba ni da bakin magana, don a duk dangi babu wanda ya kai ni yi masa dariya. Kuma ni ce ya bar wa amana guda ɗaya tak: in mayar da gwangwanin mahaifinsa Maradi, in danƙa wa mahaifiyata hannu da hannu. Saboda wannan amanar nake rubutun nan.

Kawu ya yi fiye da shekara talatin yana tara mazubin abincin sojan yaƙi. Ba bindiga ba, ba hular kwano ba, ba lambar yabo ba. Gwangwanayen nama da na sardin da na madara, kwalayen biskit, takardun da aka naɗe sukari, 'yan fakitin gishiri, da wasu ƙananan mabuɗai da ba su kai ɗan yatsa ba. Akwai na Faransa, da na Amirka, da na Ingila, har da na Jamus. Ƙaramin ɗakin da ya kamata ya zama na baƙi ya cika shi da katakai daga ƙasa har sama. Idan ka kwana a gidan, a falo za ka kwana, gwangwanaye su ne da ɗaki.

Yakan ce, "Bindiga ta mai son kashewa ce. Gwangwani na mai son shi kai gobe ne."

Kowace Lahadi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, sai ya hau taram, jirgin cikin gari, ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ta bakin ruwan kanal a Villeurbanne. Sau biyu a shekara yana zuwa Paris, inda nake aiki, wai ya zo ganina. Ni kuwa na san kasuwar gwanjon da ke arewacin gari ya zo gani, ni ɗin ladan gaɓe ce. Zai sha shayi a tsaitsaye, ya tambayi lafiyar aiki, idonsa na kan agogo. Na sha bin sa. Zai ɗauki gwangwani mai tsatsa ya juya shi, ya kara a kunne ya girgiza, ya shinshina bakin murfin. Masu sayarwa sun san shi, suna ce masa Monsieur Ration, wato mai abincin soja. Mutumin da ko lakkwal, makarantar boko, bai yi ba, sai ga shi yana gyara wa farar fata mai tabarau zance, yana ce masa wannan fentin ba na wancan yaƙin ba ne, na wanda ya biyo baya ne. Kuma in aka duba littafi, shi ke da gaskiya.

Asalin abin daga Kaka ne, mahaifinsu. Yana saurayi aka kwashe su daga ƙauye aka kai su yaƙin Faransa, su huɗu. Shi kaɗai ya dawo. Abin da ya dawo da shi ciwon ƙirji ne, da wani gwangwani mai murfi, mai fenti ruwan ƙasa, irin wanda ake ba soja da biskit da sukari da kafe a ciki. A nan yake ajiye goronsa. A cikin murfin kuma ya rubuta sunayen abokansa uku da ajami, da tawadar allo, don ya riƙa yi musu addu'a duk sanda ya buɗe. Da Kaka ya rasu mahaifiyata tana ƙarama sosai, Kawu kuwa ya zama saurayi. Babu wanda ya sa gwangwani a lissafin gado. Kawu ya jefa shi a jaka bai tambayi kowa ba, ya taho da shi Faransa.

Mahaifiyata ba ta taɓa mantawa ba. Ita ce auta, ita Kaka yake aika ta ɗauko masa goro. Duk wayar da za su yi, bayan an gaisa an tambayi yara da gajiya da sanyi, sai ta ce, "Yaya, ka maido mini gwangwanin Baba." Shi kuma ya ce, "Ki zo ki ɗauka." Ya san ba ta taɓa samun biza ba. In zai je gida ba ya tafiya da shi, wai in ya kai ba zai dawo ba. Ko a waya ya ƙi nuna mata. Muna ɗauka wasa ne na wa da ƙanwa, har da su ma. Yanzu na gane rabinsa ne kawai wasa.

Wata rana a kasuwar kanal ya ci karo da irinsa sak, ya saya. Daga baya ya sake samun wani. A hankali suka zama takwas har da na Kaka, ya jera su a katakon tsakiya, kai ɗaya, fenti ɗaya. Na tambaye shi amfanin tara abu iri ɗaya har takwas. Ya ce, "Baba bai tahi yaƙi shi ɗaya ba. Don mi gwangwaninshi za shi zamna shi ɗaya?"

Ba zan ce Kawu waliyyi ne ba. Yana da taurin kai irin na jakin da ya ga rafi. Matarsa, da muke kira Tanti, ta yi shekaru tana roƙon ya ba ta ko katako ɗaya ta jera kwanukanta, ya hana. Ko ƙura bai yarda ta goge ba, shi ke yi da wani ɗan burushi mai laushi. Ya taɓa yin wata uku ba ya magana da Alhaji amininsa. Alhaji ne ya gano cewa cikin gwangwanayen da ba a buɗe ba akwai na naman alade, ya ce bai halatta a yi salla a gidan ba. Kawu ya ce shi ba ci yake ba, kuma naman da ya girme su duka biyu ya daina zama nama, ya zama tarihi. Alhaji ya ce alade ko ya shekara dubu alade ne. Sai da limami ya shiga tsakani. Kawu ya sauke na aladen zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, amma kowace Juma'a sai ya ce wa Alhaji, "Maƙwabtanka na ƙasa suna gaishe ka."

Ni ma mun yi tamu. Lokacin ina jami'a a Bron, nan gefen Lyon, kaina ya cika da karatu, na karanta yadda aka yi da sojojinmu bayan an gama yaƙi. Na tsaya a ƙofar ɗakin nan na ce masa, "Kawu, ba ka jin kunya? Mutanen da suka kwashe Kaka suka maido shi da tari, kai kuma kana bin bolarsu kana tsince abin da suka yar."

Ya ajiye burushin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, takardunsu suna wurinsu, sun rubuta abin da sunka so. Takarda ta ce Baba ya yi yaƙi. Wanga gwangwani ya ce ya ji yunwa. Wanne kika sani a ciki?"

Na ce wannan ba amsa ba ce. Na buga ƙofa na fita. Azumin shekarar gaba ɗaya ban sha ruwa a gidansa ba.

Kuma a shekarar ce na faɗi jarrabawa. Na ɓoye wa kowa, na kulle kaina a ɗakina na ɗalibai, ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata. Ban san yadda ya ji ba. Ranar Lahadi sai ga shi a ƙofa da kular tuwo da miyar kuɓewa, ya sauya taram biyu da ita a cinya. Bai yi zancen faɗanmu ba, bai yi zancen jarrabawa ba. Ya ce, "Ci. Soja ba ya yaƙi da yunwa." Haka ya yi ta yi kowace Lahadi har na sake zama na ci, kuma saboda ni ya yi ta rasa kasuwarsa ta kanal. Har ya koma ga Allah mahaifiyata ba ta ji daga bakinsa cewa na maimaita shekara ba.

Akwai kuma ranar da ya sayi kwalin biskit a hannun wata tsohuwa Bafaransa. Da ya zo gida ya tarar da hoto a ciki, wani saurayi da kakin soja. Mako uku yana komawa kasuwar yana cigiya har ya same ta. Ashe yayanta ne, ba ta san hoton yana ciki ba. Ya ce ta riƙe hannunsa ta yi ta kuka, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, ga alwala.

Abin da ya fi roƙona shi ne in zo da kaye da bik, wato littafi da alƙalami, in rubuta. Komai a kansa yake: wanne daga ina, wane soja ke cin irinsa, wa ya sayar masa. Musamman sunayen nan uku. Tawadar ta fara dushewa, 'ya'yansa ba sa karanta ajami, ni ma ban iya ba. Ya ce in zauna ya karanta mini in juya su zuwa boko. Ya sha buɗe murfin a gabana yana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da na iyayensu. Ni kuwa ina duba waya, ina duba lokacin jirgin ƙasa. Kullum amsata ɗaya ce, "Wani zuwan, Kawu." Ban riƙe ko suna ɗaya ba.

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, ranar Asabar. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya sa Tanti ta fita nemo ruwa, sannan ya ce, "Ni dai nan za ku sa ni, na sani. Ɗiyan nan ba su zuwa Maradi ziyarar kabari, ban ga laihinsu ba. Amma gwangwanin Baba shi tahi gida. Ki kai ma uwarki da hannunki. Ki ce mata Yaya ya maido."

Na ce, "Kai da kanka za ka kai, in sha Allah."

"Bar wannan. Wanda ke da rubutu cikin marhi. Kin ji?"

Na ce na ji. Da na bi ta gidan a ranar na ɗauka, da ba a kai ga haka ba. Amma jirgina na ƙarfe biyar ne, kuma na ga kamar ɗaukar kayan mutum yana da rai fatan mutuwa ne. Na koma Paris.

A gida, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an rufe shi. A nan sai takardu sun yarda. Kwana huɗu ana jira. Ni kuma a wurin aiki aka ce mini ana ba da hutun rasuwa don uba ko uwa, amma ba don kawu ba. Na yi wa shugabarmu bayani cewa a wurinmu kawu uba ne. Ta tausaya mini ƙwarai, ta ce doka ba ta san haka ba. Sai ranar Alhamis da yamma na samu na iso.

Duk wanda ya san matanmu ya san ba za su zauna kwana huɗu a gidan mutuwa hannu sake ba. Tanti tana ɗaki ta shiga takaba, ba ta san inda kanta yake ba. Maƙwabciyar nan 'yar Chadi ta ɗauki ragamar gidan, ita da wasu mata uku. Sun yi girki, sun wanke labule, sun goge tagogi. Da aka ce baƙi za su zo daga Paris kuma ana bukatar wurin da mata za su yi salla, sai suka buɗe ƙaramin ɗakin.

Ban shiga ɗakin ba sai ranar Juma'a, bayan an dawo daga maƙabarta a Bron. Warin jabel, ruwan wankin nan mai cin kala, shi ne ya fara tarbata. Katakan sun zama rabi babu komai. Abin da ya rage kuwa yana ta ƙyalli kamar jeren amarya. Sun jiƙa su a bahon wanka, sun dirje su da soson ƙarfe, fenti da tsatsa da takardun jiki duk sun tafi. Kwalaye da 'yan fakiti an zuba su a pubel tun ranar Talata, motar shara ta kwashe. Waɗanda ba a buɗe ba, da suka kumbura, babban ɗansa ya saukar da su don kada su fashe wa mutane. A katakon tsakiya ga guda takwas a jere, farare tas.

Na buɗe na farko, na biyu, har na takwas. Na sake bi daga baya, babu rubutu a murfi ko ɗaya. Tawadar allo ce, an yi ta ne don ruwa ya wanke ta.

Maƙwabciyar ta leƙo ta same ni a durƙushe. Ta ce, "Kin gani ko? Mun ce kar baƙi su ga tsatsa su ce ba a kula da Malam ba. Yana son kayan nan, Allah sarki. Da ya gansu yanzu da ya ji daɗi."

Na dubi hannayenta. Jabel ya cinye su, yatsun sun yi fari sun tsattsage. Kwana huɗu matar nan ba ta kwanta a gidanta da rana ba saboda mamacinmu. Na mayar da murfin na rufe. Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Allah ya ba da lada."

Na yi iya ƙoƙarina, kada a ce ban yi ba. Na tambayi Tanti, ta ce, "Shekara talatin bai bari na taɓa ba, ta ina zan sani?" Alhaji ya ce shi a wurinsa gwangwani gwangwani ne. Na bi wayoyin 'ya'yansa, na samu hotunan Salla da katakon a bayansu, murafe a rufe, duka takwas kamar an haife su rana ɗaya. Na kwashe su a jaka na kai wa wani tsohon mai sayarwa a kasuwar Paris wanda ya san Kawu. Da ya gansu sai ya dafe kai. Ya ɗauki gilashinsa ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk ƙira ɗaya ce, zamani ɗaya. Ya ce, "Madame, mutumin da zai iya gaya miki shi ne kuka binne."

Saura mutum ɗaya a duniya da ta taɓa riƙe shi a hannun Kaka. Da hutu ya zo na naɗe su takwas ɗin cikin zannuwa na tafi Maradi. A hanya ina ta gaya wa kaina cewa hannu ba ya mantuwa, wata 'yar lotsawa ko yadda murfin ke kamawa za ta tuna mata.

Na bari sai da aka gama gaisuwa, masu ta'aziyya suka ragu. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jera su a gabanta. Na gaya mata komai, wankin da jinkirina da kayen da ban taɓa kawowa ba. Sannan na isar da saƙo yadda aka ba ni. Na ce, "Inna, Kawu ya ce in ce miki Yaya ya maido."

Ta ɗauki na farko ta juya, ta buɗe, ta rufe, ta ajiye. Haka ta bi su duka, ba ta gaggawa. Da ta kai ƙarshe ta kakkaɓe hannu.

"Babu shi a nan."

"Inna, yana ciki. Ɗaya daga cikinsu ne."

"Na Baba babba ne. Da hannu biyu nike ɗaukar shi, har ina tokare shi da ƙirji. Waɗanga ƙanana ne."

Na ce mata lokacin ita ce ƙarama. Na ce shekara nawa ke nan, ta duba hannunta yanzu. Na ce wanki ne ya sauya musu kama. Ta ce wanki ba ya rage wa ƙarfe girma, kuma ita ba ta ruɗe ba tukuna. Na rantse mata. Ta dube ni irin kallon da take mini ina yarinya in na kare wanda ya yi laifi.

"Ke dai kina son kawunki, na sani. Ya sayar ko ya ɓatar, ya ji kunyar faɗi, shi ne ya haɗo ki da waɗanga. Har ya mutu bai maido mini ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba komi. Ɗan'uwana ne. Na yahe mishi, duniya da lahira. Allah shi jiƙan shi."

Mutumin da ya riƙe abu shekara hamsin bai bari ko ƙura ta zauna masa ba, ga shi ana yafe masa laifin da ni na yi. Babu wanda ya rage da zai shaide shi, kuma ni ba a karɓi shaidata ba.

Na ce amin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Allah ya jiƙan Kaka, da mutum ukun nan da suka tafi tare, Shi da ya san sunayensu.